Hayaƙin Bahri a Kan Falanki Uku

Ranar Laraba ce, a farkon watan Yuni na shekarar 2002. Gajimare ya fara taruwa ta wajen Gallabat kowace yamma, amma bai zubar da ko ɗigo ba tukuna, kuma duk mai gona a Gadarif yana gaggawar kai iri da ma'aikata daji kafin laka ta rufe hanya.

Da asuba na ji shi yana ɗiban ruwa a ganga. Ya yi alwala, ya bi mahaifinsa, Alhaji Jibrin, masallaci. Sunan yaron Nu'uman, shekarunsa ashirin da tara. Ɗana ne na fari, don haka bakina bai saba da sunan ba. Mai Fenti nake ce masa, shi kuma yana ce mini Ustaza, kamar yadda ɗalibaina suke faɗa, da 'yar tsokana a ciki.

Da rana ta fito muka sha shayi da madara a ƙarƙashin rumfa. Ya zauna a bakin gado yana kankare busasshen fenti daga farcensa.

"Ustaza, ran Juma'a kada ki karɓi gayyar kowa," ya ce.

"Wa ya ce maka ana rububina?"

"Bayan an sauko daga masallaci filin lori fayau yake zama. Zan fito da su ukun in jera a katangar gareji. Ke da Abba ku tsaya can bakin titi ku gani. Ni ma ranar zan fara ganinsu a haɗe."

"Shekara biyu kana abu ba ka gan shi ba?"

"A ina zan gani? Shagon nan in na ja da baya sai in zauna a kan murhun Dije mai shayi."

Zane yake nufi. Zane ɗaya ne a kan falanki uku, kowanne tsayin ƙyauren ɗaki, na garin Bahri da kogi da masana'antu da sassafe. Shagonsa ƙarami ne, falanki ɗaya kawai yake iya tsayarwa a lokaci guda, sauran suna jingine suna kallon bango. Na ce masa zan zo.

Da hantsi na shiga kasuwa sayen albasa da mai, domin makaranta tana hutu. Na hango shi daga tsallaken titi, a saman wata lori, ya gicciya katako a kan ganguna biyu yana rubutu a allon da ke bisa kan direba. Ban tsaya ba. Dije mai shayi, wadda take da mazauni a ƙofar shagonsa, ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata.

Da azahar ya aiko cewa a rufe masa abincinsa, mai lorin yana son tashi zuwa gonakin Simsim kuma rubutun bai ƙare ba. Na zuba masa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa na rufe.

Da la'asar iska ta taso, irin wadda take riga ruwa zuwa. Ta ɗaga mana tabarma, ta kaɗa kwanon rumfa, ta wuce, ruwa bai sauka ba. Wannan iskar ce ta goce katakon da yake tsaye a kai. Ya faɗo da baya, kansa ya bugi bakin ƙarfen lorin. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce bai yi magana ba. Kafin magariba ya cika. Da safiyar Alhamis aka kai shi.

A Gadarif aka haife shi, a unguwar da kakanninmu suka yada zango a kan hanyarsu ta Makka, suka ga ƙasa baƙa mai kyau da dawa, suka zauna. Ni na karanta ilimin ƙasa a jami'a a Khartoum, na dawo ina koyarwa a sakandaren 'yan mata. Mahaifinsa ɗan kasuwar riɗi ne. Shi yaron, yana ƙarami yakan taya ni shafa launi a taswirorin da nake kaiwa aji, kuma kullum sai na rage faɗin kogunansa, domin yakan ba Nilu rabin ƙasar. Yaron da ya tashi a garin da ake sayen ruwa a bayan jaki ne.

Ya gama sakandare a shekarun da ba a ba yaro takardar shaida sai ya shiga sansanin bautar ƙasa. Ya shiga, ya fito a rame, ya ce ba ya son jami'a. Na so ya je. Na faɗa masa dalilaina sau ɗaya, dalla-dalla, ya saurara, ya ce ya ji amma ba zai je ba. Daga nan ya tafi Bahri, tsallaken kogi daga Khartoum, wajen wani ɗan'uwan mahaifinsa, ya sami aikin shafa fenti a jikin jiragen dakon kaya a bakin kogi. Shekara huɗu ya yi a can. Ya gaya mini yakan riga kowa zuwa aiki don ya ga yadda rana take fitowa ta cikin hayaƙin masana'antu, lokacin da ba a iya bambance inda ruwa ya ƙare da inda sama ta fara. Wata rana a wajen masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi ya tsinci wani yagaggen littafi mai hotunan zanen wasu Faransawa, tashoshin jirgin ƙasa da bakin ruwa, babu layi ko ɗaya a ciki, sai ɗigo da shafe-shafen launi kusa da juna. Ya ce a nan ya gane abin da yake gani kowace safiya ana iya ajiye shi a kan katako.

Da ya dawo gida ya kama shago kusa da filin lori. Yana rubuta allunan shaguna da lambobin mota, yana zana furanni da dabino a bayan lori. A shekarun nan mutane sun daina son fuska a jikin allo, har wanzamai sun sa an shafe kawunan da ke ƙofarsu, shi kuwa bai damu ba, ya ce fure ba ya ƙorafin an ƙara masa hanci. Hannunsa yana da sauri, rubutunsa na Larabci a miƙe yake ba tare da ya ja zare ba, direbobi kuma suna bin layi a kansa. In aka yi masa maganar aure sai ya ce bari ya gama Bahri tukuna.

Ranar da ya fara nuna mini falanki ɗaya, ina tsaye a ƙofar shago, abin da na gani shi ne toka-toka da ruwan goro da shuɗi an dangwala su kamar da gangan aka ɓata katakon. Ya ɗauko shi ya tsayar a waje, ya ce in tsallaka titi. Da na juyo daga can sai ga bututun hayaƙi dogaye a tsaye a bayan rufin kwano, ga gefen kogi. Na dawo na ce masa, "Gabas ka fuskanta, hayaƙin kuma ya karkata dama. Iskar arewa ke nan. Da sanyi ka tsaya a wurin nan."

Ya buga cinyarsa. "Janairu! Wallahi Janairu ne. Dije, kin ji? Ustaza ta karanto wata daga hayaƙi."

"Ni dai miya nake gani ta zube," in ji Dije.

Haka na ga falankin nan ɗaya bayan ɗaya cikin shekara biyu. Na hagu masana'antu ne. Na tsakiya ruwa ne da rana da jirgin dako guda. Na dama ƙarshen gadar ƙarfe ne da bishiyoyin ɗaya gaɓar.

Kwana ukun makoki na yi su a kan tabarma cikin mata. A wajenmu uwa ba ta ɗaga murya a kan ɗan fari, ba a kuma tambayarta komai game da shi, wai don a sauƙaƙa mata. Na zauna yadda aka san ana zama. Juma'a ta zo ta wuce ina amsa gaisuwa, ina jin kiran salla, ina sane da abin da ya kamata a yi bayanta. Na ce a raina in an ɗage shimfiɗa zan sa a fito da su.

Ranar Lahadi da safe na tambayi Alhaji makullin shago. Ya ce, "Yaya ya riga ya raba."

Yayansa Ɗantsoho shi ne mai tsayawa a kan kowace mutuwa a danginmu. Shi ke sayen likkafani, shi ke auna kabari, kuma ɗabi'arsa ce ya bayar da kayan aikin mamaci kafin a tashi daga makoki, don ladan ya isa kabari da wuri. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaukar ko allura. Na same shi a zaure yana naɗe tabarmi.

"Yaya, akwai falanki uku a shagon."

"Akwai. Waɗanda yake goge burushi a jikinsu. Katako mai kyau, ga damina ta zo, na ba masu bukata."

"Ba na goge burushi ba ne. Zane ne."

Ya dube ni. "Na juya su da hannuna, Safiya. Babu zanen komai. Ni ban yi jami'a ba, amma na san fure na san dabino."

"Wa ka ba?"

"Ke da bakinki kike bin kayan ɗan fari? Me mutane za su ce?"

"Za su ce na tambaya."

"Kuma abin da aka bayar sadaka ba a karɓo shi. Wannan ko yaro ya sani."

"Wanda ya bayar da nasa shi ne ba ya karɓowa. Wannan kayan gado ne, ba a raba ba, ina da kaso a ciki, Alhaji yana da kaso. Ba a tambaye mu ba. Duk wanda na karɓa a hannunsa zan ba shi abin da zai yi masa aikin da ya fi haka, sadakar tana nan yadda ka yi niyya. Wa ka ba?"

Ya ci gaba da naɗe tabarma har ya gama, ya ɗaure ta, sannan ya faɗi sunaye uku yana kallon bango: Dije, da Sakinatu gwauruwar da ke bayan masallaci, da Ɗanliti direba.

Na yafa mayafina na fita. Na san ana leƙena ta kan danga.

Dije ta kafa nata a gefen murhu yana tare mata iska. Da ta gan ni ta miƙe, ta rungume ni, ta yi kukan da ni ban yi ba. Da ta lafa na gaya mata abin da ya kawo ni.

"Ɗauki, Ustaza, ɗauki. Ni na san yana ji da su, har sannu yake ce musu in ya buge su da ƙafa. Na ce tunda an ba ni in ajiye a inda ya saba ganina. Ai gara ma da kika zo, in 'yan kame suka biyo mu ba zan iya gudu da wannan ƙaton ba."

Na dama ne, mai gada. Wuta ta ɗan lashi kusurwar ƙasa, faɗin tafin hannu. Na sa mai amalanke ya kai gida, na aiko mata da guntun kwano marar nauyi mai mariƙi.

Sakinatu ta fi wuya. Ta riga ta toshe ɓarakar rumfarta da shi, fuskar zanen tana ciki. Ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Jiya a ba ni, yau a zo a ƙwace? Haka masu riɗi suke sadaka?"

"Ba ƙwacewa na zo yi ba, Sakinatu. Aikin hannunsa ne na ƙarshe, an ba ki bisa kuskure."

"Wane aiki? Na kwana ina kallonsa, babu komai sai dabbare-dabbare."

"Falanki ruwa biyu zai sha ya kumbura ya ɓare. Kwano zan kawo miki, da mai bugawa, yau ɗin nan."

"In gani tukuna."

Ba ta bari an taɓa shi ba sai da aka buga ƙusar ƙarshe, ta shiga ta fita, ta girgiza ginshiƙi. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa. Shi ya rubuta mini allon gyaɗa, ya ƙi karɓar komai." Na hagu ne, mai masana'antu. Ramukan ƙusa huɗu kawai ya samu a gefe.

Na tsakiya ya rage, kuma shi ne wanda in babu shi sauran biyun ba su haɗuwa. Ɗanliti shi ne mai lorin da Nu'uman ya faɗo daga kanta. Ya tashi tun ranar Asabar da yamma zuwa wani kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, a cikin Simsim, da iri da mai da mutane, falankin yana sama. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya mai da hanyar kwaɓaɓɓiyar laka, sai tarakta kaɗai ke shiga, shi ma da ƙyar, har zuwa kaka. Falanki kuwa ba zai kai kaka a fili ba.

Da yamma na gaya wa Alhaji. Bai taɓa cewa komai a kan zanen ba, da yabo ko da suka. Yakan ce dai yaron yana da sana'a, ya gode Allah. Ya fita tsakar gida ya dubi sama ta gabas, ya daɗe, ya dawo.

"Gobe bayan asuba," ya ce. "Zan aro boksin Sami mai gareji."

"Zan bi ka."

"Na sani."

Boksi ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya. Muka ɗauki tamfol da igiya da ƙyauren kwano sabo, domin an ce mana Ɗanliti ƙofa yake so ya yi da shi. Bayan mun bar kwalta sai ƙasa baƙa shimfiɗe har iyakar gani, ta dare gida-gida saboda rani, tana jiran ruwa. Muna wuce taraktoci da lorin ma'aikata. Gajimare yana gefen hagunmu, baƙi, ƙasansa a daidaice kamar an yanka da wuƙa. Alhaji ba ya son magana in yana tuƙi, ni ma ban nema ba. Sau biyu muka tsaya tambaya.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da muka hango kambon, bukkoki kaɗan da tankin mai a tsakiyar fili. Muna matsowa sai Alhaji ya rage gudu, ya tsaya cak, tun da sauran tafiya.

"Mene ne wancan?" ya ce.

A jikin wata bukka, a tsakiyar baƙar ƙasa wadda babu ɗigon ruwa a cikinta, ga kogi. Rana ja-ja tana fitowa ta cikin hazo, haskenta ya karye a kan ruwa gutsi-gutsi yana tahowa wajenmu, jirgin dako baƙi yana gicciye. Sun buga falankin a matsayin ƙyauren ɗakin iri, fuskarsa tana waje.

"Shi ne," na ce.

Alhaji ya kashe mota. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Nan ne wajen aikinsa," ya ce. "Na je masa sau ɗaya. A nan muka tsaya." Ya tayar da mota.

Ma'aikata suka taru. Wani dogo, mutumin Kosti da ke bakin Nilu, ya ce tun jiya suke gardama a kan ƙofar nan. In suna dawowa daga gona sai su ga ruwa, in sun iso sai ya ɓace.

"Ni na ce musu Kosti ce, ga jirgi nan," ya ce.

"Kai komai Kosti ne," in ji wani. "Ko tafki ka gani sai ka ce Kosti."

"Bahri ce," na ce musu.

"To, 'yar'uwar Kosti ce."

Ɗanliti ya fito daga ƙarƙashin lorinsa da baƙin mai a hannu. Da ya gane mu sai ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Inna, ni na matsa masa. Ni na ce ya gama ranar. Da na bari har gobe..."

"Tashi, Ɗanliti. Iska ce ta goce katako. Na ji ta a gidana, ta ɗaga mini tabarma. Shi kuma ya saba aiki a sama, ba ranar ya fara ba. Kai aiki ka ba shi."

Ya goge fuska da gefen hannu. Da na gaya masa abin da ƙyauren yake, sai ya dafe kai. "Na huda shi, Inna. Na huda don sarƙar kwaɗo."

Ramin yana gefen dama, faɗin bakin kofin shayi, a cikin ruwan. Na tuna akwai ɗan ƙaramin kwalekwale a daidai wurin, shafa biyu na burushi, ɗaya baƙi ɗaya fari. Shi ya tafi. Na tambaya ko guntun yana nan, aka duba cikin ƙasa, ba a samu ba.

Su da kansu suka cire ƙusoshin a hankali, suka buga sabon ƙyauren, suka naɗe falankin cikin tamfol ninki biyu. Mutumin Kosti ya ce yanzu kuma sai su koma kallon kwano. Suka matsa mu tsaya cin abinci, Alhaji ya nuna musu sama, suka ce gaskiya ne, ku tafi.

Ruwan ya same mu saura kaɗan mu hau kwalta. Nan da nan ƙasa ta kama tayoyi, motar ta fara tafiya a karkace, ta tsaya. Na fita na hau baya na zauna a kan bakin tamfol ta inda iska ke ɗagawa. Wani mai tarakta da ke komawa gari ya ɗaura mana sarƙa ya ja mu har kwalta. Da muka isa gida na kwance tamfol. Ruwa bai taɓa shi ba. Bayan wannan ruwan ba a sake shiga hanyar kambon nan da ƙaramar mota ba sai watan Oktoba.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, filin lori ya zama fayau kamar yadda ya ce. Alhaji da Sami mai gareji suka jera su a jikin katanga, ni ina nuna musu wanda zai bi wanne. Dije ta bar murhunta ta zo. Ɗantsoho ma ya zo, ban gayyace shi ba, ya tsaya dab da katanga hannunsa a baya.

"To ga shi an tara," ya ce. "Har yanzu ni ban ga komai ba."

"Zo nan, Yaya," in ji Alhaji daga bakin titi.

Ya tako yana gunaguni, ya iso, ya juya. Ya ƙura wa zanen ido. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna dama. "Wannan gada ce. Na bi ta kanta a jirgin ƙasa, shekarar da na kai Innarmu asibiti." Ya sauke sandar. "Amma dai da kin aiko ni, da ba ki bi gari da ƙafarki ba."

"Da na aike ka, da ka je?"

Ya mai da idonsa kan gadar.

A haɗe zanen ya fi yadda na zata faɗi. Hayaƙin yana tashi daga bututun hagu, ya ratsa saman ruwa yana yin ja inda ya gifta rana, ya isa gadar ya baje ya zama launin sama. Gadar ba a zana ta duka ba, ƙafafunta kawai da inuwarsu, sauran ido ne ke cikawa. A bakin ruwa akwai ɗige-ɗige masu tafiya wajen masana'anta, ba su da fuska ba su da hannu, amma ana ganin sanyi suke ji. Na ga kuskure ɗaya. A mahaɗar falankin hagu da na tsakiya hayaƙin bai dace ba, na hagu ya fi duhu, kuma ya fi na tsakiya tsawo da kamar yatsa uku. Da ya gani da ya gyara kafin la'asar. Sami ya ce ya san wani mai fenti da zai daidaita shi ya kuma toshe ramin. Na ce a'a.

"Ashe miyar tana da jirgi," in ji Dije, tana share ido da gefen mayafi.

Tsakar gidanmu ba ta da zurfin da za a tsaya a gan shi. Alhaji ne ya ce a kai sitonsa na riɗi a kasuwa, dogon gini ne mai rufin kwano, ba ya yoyo. Aka kafa su a bangon ƙurya, sama da inda buhuna ke kaiwa, yadda mai shigowa daga ƙofa zai fuskance su. Ya hana a jera kaya a layin tsakiya. Suna can har yau, ana kakkaɓe su da busasshen ƙyalle in an gama awo.

Abin da Ɗantsoho ya rabar na sauran kayan shago ban bi ba. Burusai da gwangwanayen fenti sun tafi wajen wani mai rubutun allo a ɗaya gefen kasuwa, shi ne kuma ya ƙarasa rubutun lorin Ɗanliti da kaka. Tsani yana masallacin unguwa ana canza fitila da shi. Kayan ɗakinsa ni na raba da kaina bayan arba'in. Jallabiyoyinsa na ba ƙannen mahaifinsa, rediyo na ba Sami, yagaggen littafin nan na kai ɗakin karatu na makarantarmu bayan na ɗinke bayansa. Takalmansa sun yi wa kowa a gidan girma, sai na bayar aka kai kambo, aka ce mutumin Kosti suka yi wa daidai. Rigar aikinsa ba ta wankuwa, ta sandare da fenti, babu wanda zai iya sa ta, ita na ajiye. Shagon kuma mai shi ya ba wani ya buɗe wurin buga waya.